Rigar Sanyi ta Mutanen Kanada

A arewacin ƙasar Kanada sanyi yakan yi tsanani ƙwarai, har koguna su daskare. Hunturun ƙasar Hausa ba kome ba ne a kansa. Wanda ya fita ba rigar kirki yana iya rasa yatsunsa, ko ma ransa.

Saboda haka mutanen can sukan sa wata riga mai haɗe da hula, sunanta parka. Kabilar Inuit sun daɗe suna ɗinka irinta da fata. Ta zamani kuwa, lallausan gashin agwagwa ko na ɗinya ake cusa mata.

Gashin nan yakan tsare iska a tsakaninsa, iskar kuwa ta hana ɗumin jiki fita. Amma in ya jiƙe sai ya dunƙule, amfaninsa ya ƙare.

Don haka mai saye yakan duba abu uku. Na fari, ya matse rigar ya saki. In ta kumbura nan da nan, gashinta mai kyau ne. Na biyu, yadin waje ya zama wanda ruwa ba ya ratsawa. Na uku, ta sauko har cinya, hularta kuma ta rufe kunnuwa.