Ciwon gwiwar hannu: abin da ƙasa mai tauri ke yi wa manomin Kiru

Duk wanda ya san ƙasar Kiru ya san yadda gona take a ƙarshen bazara, kafin ruwa ya zauna. Yayyafin farko ya jiƙa sama, ƙura ta kwanta, amma da an nutsa yatsa biyu sai a tarar da tsandauri kamar daɓe. A irin wannan lokaci manomi ke ɗaga fartanya ya kafta, ruwanta ya daki ƙasa ya tsaya cak, ƙota ta yi rawa a tafin hannu. Sara ɗaya ba komai ba ne. Amma daga hantsi zuwa azahar sara nawa ke nan, kuma kwana nawa a jere? Bayan 'yan makonni sai ka ga mutum ƙaƙƙarfa, wanda ke ɗaukar buhun masara, ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya yi alwala, ya ji wani zogi ya soke shi a ɗan tudun ƙashin nan na gefen gwiwar hannu, har butar ta nemi suɓucewa. In aka ba shi hannu za a gaisa sai ya yamutsa fuska. Wannan ciwo yana da sanadi da aka sani, kuma yawancin abin da ake yi masa a kemis bai taɓa sanadin ba.

Bayanin da ya fi fito da lamarin fili ya zo ne daga wani wasa da ba ruwan manomi da shi, wato ƙwallon lambu da Turawa ke kira golf, wanda a Kano ma akwai filinsa. A fili na gaske, idan ɗan wasa ya kai bugu, kan sandarsa yakan yanki 'yar ciyawa da ƙasa ya wuce, ƙasar ta shanye wani kaso na ƙarfin bugun. A Ingila da Amurka da sauran ƙasashen da sanyi ke hana fita, 'yan wasa kan yi atisaye a cikin ɗaki, a kan wata tabarmar roba mai kama da ciyawa da aka shimfiɗa bisa siminti. Tabarma ba ta yankuwa, siminti ba ya lotsawa, don haka idan sanda ta daki ƙasa kafin ƙwallo, girgizar sai ta biyo sanda ta shiga wuyan hannu ta haura gwiwa. Ga kuma yawan bugu. Wanda ya zagaya ramuka 18 a fili yakan shafe kusan awa huɗu, yana tafiya tsakanin bugu da bugu, kuma bugunsa mai ƙarfi bai cika wuce arba'in ko hamsin ba. A ɗaki kuwa yana iya buga ƙwallo ɗari kafin awa guda ta cika, a tsaye wuri ɗaya. Masu koyar da wasan sun daɗe suna gargaɗi a kan haka. Abubuwa uku ne suka haɗu: riƙo mai tsanani, bugu da ke tsayawa a kan abu mai tauri, da maimaitawa ba hutu. Wanda ya duba da kyau zai ga su ukun a hannun mai kaftu a fako, da mai haƙar marmara da diga, da mai fasa dutse a tsaunukan Riruwai ta Doguwa, da maƙerin da ke sauke masaba kan uwar maƙera, da matar da ke sussukar dawa, da samarin da ke bugun shinkafa a jikin duro a Tudun Wada lokacin kaka.

Tsokar da ke damƙe yatsu da lanƙwasa wuyan hannu tana kwance ne a sangalin hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, kuma a samanta ta tattaru ta zama agara, wata farar igiya mai tauri da ta manne a ƙashi. Tudu biyu ne a gwiwar hannu. Na waje shi ne matattarar tsokar da ke ɗaga bayan hannu sama, na ciki, ta ɓangaren jiki, na tsokar da ke lanƙwaso tafin hannu. Idan mutum ya damƙi ƙota, dukkansu suna a ɗaure tamau, kuma a daidai wannan lokaci ne girgizar sara ke isowa, sai ta fizgi igiyar a wurin da ta manne, wuri ɗan ƙarami da bai fi kan yatsa ba. Zare-zarenta kan tsinke kaɗan kaɗan, yadda ido ba ya gani. Jiki yana gyarawa, amma agara ba ta samun jini sosai kamar tsoka, gyaranta a hankali yake tafiya. In ɓarna ta riga gyara gudu, wurin sai ya lalace. Ciwon tudun waje shi likitoci ke laƙaba wa sunan wasan tanis, na tudun ciki kuma sunan golf, ko da yake mafi yawan masu fama da su ba su taɓa riƙe sandar wasa ba. Wani likitan Jamus mai suna Runge ya bayyana ciwon tun 1873, a kan masu yawan rubutu. Binciken da aka wallafa a 2006 kan mutanen Finlan ya samu ciwon tudun waje a kashi 1.3 cikin ɗari na manya masu shekarun aiki, na ciki a kashi 0.4, kuma ya fi kama masu aikin ƙarfi da maimaitawa da masu shan taba. Wani nazari na masana a Holan a 2009 ya danganta ciwon tudun waje da riƙe kayan aiki da suka wuce kilo ɗaya da maimaita motsi fiye da awa biyu a rana. Wace garmar hannu ce ba ta kai kilo ba, kuma wane ɗan ƙwadago ne ke tashi bayan awa biyu?

Mutane da yawa za su ce sanyi ne, tunda ciwon ya fi tsanani da asuba, kuma hunturu na tayar da shi. Gaskiya ne agarar da ta ji rauni takan yi tauri bayan an kwana ba motsi, ta ɗan saki idan jiki ya ɗumama. Amma sanyi ba ya zaɓar hannu. Me ya sa sai hannun da ke riƙe ƙota, kuma sai ɗigo ɗaya da mai ciwon zai iya nuna maka da yatsa? Me ya sa yake zuwa bayan noman firi ko bayan sussuka? Akwai gwaji mai sauƙi. Mutum ya miƙe hannu, bayansa na kallon sama, ya yi ƙoƙarin ɗaga wuyan hannun yayin da wani ke danne shi. In zogin ya tashi a tudun waje, to agara ce ke magana. Akwai ma abin da ya fi wannan muhimmanci. Likitocin da suka riƙa yi wa irin wannan gwiwa tiyata, musamman Robert Nirschl na Amurka tun shekarun 1970, sun duba naman da suka cire ta madubin likita, suka tarar yawanci ba kumburi ne a wurin ba, lalacewar zare ce da gyaran da ya tsaya a hanya. Shi ya sa maganin kumburi ke kwantar da zafi na ɗan lokaci, ciwon kuma yana nan.

A nan ne maganar allura ta shigo, kuma dole a yi mata adalci, domin mai cewa allura ta yi masa aiki ba ƙarya ya yi ba. A 2002 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa wani gwaji da aka yi a Holan kan mutum 185 masu ciwon tudun waje. Aka raba su uku: wasu aka yi musu allurar sitiroyid a gwiwar, wasu aka tura su wurin masu gashi da motsa gaɓɓai, wasu aka ba su shawara kawai aka ce su jira. Bayan mako shida, kashi 92 cikin ɗari na masu allura sun samu sauƙi, na masu gashi kashi 47, na masu jira kashi 32. Da a nan aka tsaya da allura ta yi nasara. Amma bayan shekara guda sai lissafi ya juye: masu allura kashi 69, masu jira kashi 83, masu gashi kashi 91. Wani gwajin a Ostireliya a 2006 ya samu ciwon ya dawo wa kusan bakwai cikin goma na waɗanda aka yi wa allurar. Dalili ɗaya da ake gani shi ne allura ta ɗauke zafi, mutum ya koma gona da cikakken ƙarfinsa a kan igiyar da ba ta warke ba. Haka abin yake ga ƙwayoyin da ake haɗawa a ƙulla a leda a ce na ciwon jiki ne. Diklofenak da danginsa, in aka daɗe ana sha, suna iya jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda, balle ga wanda ke wuni a rana yana zufa bai sha ruwa isasshe ba. Tiramadol kuwa kowa a Kano ya ga inda ya kai matasa, kuma wasunsu da neman ƙarfin aiki suka fara. Tsaga da ƙaho da wanzami zai yi a wurin ba za su kai ga agara ba, sai dai su buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. Maɗori kuma ba shi da abin ɗorawa, domin babu karaya babu gocewa.

Hujja mafi nauyi ita ce ta wanda zai ce: damina ba ta jira, wa zai nome mini gona in na ajiye fartanya? Wannan magana ce ta gaskiya, kuma duk shawarar da ta tsaya a "ka huta" shawara ce ta wanda ke karɓar albashi. Abin farin ciki shi ne ilimin ma bai ce a naɗe hannu a zauna ba, domin agarar da aka daina amfani da ita gaba ɗaya rauni take ƙarawa. Abin da ake nema shi ne a rage fizgar da ke kai mata, kuma mafi yawan hanyoyin suna hannun manomi da maƙerinsa. Ruwan fartanya mai kaifi yana shiga ƙasa ya wuce, dakushasshe yana dukanta ya tsaya, kamar dai sandar nan a kan siminti, don haka kuɗin washi ya fi kuɗin ƙwaya amfani. Ƙotar da ta yi siriri ko ta yi santsi tana tilasta wa mutum ya ƙara matse hannu, alhali in aka naɗe ta da tsohon tiyub na keke sai ta cika tafi, ta rage zamewa, ta shanye wani abu na girgizar. Ruwan da ke girgiɗi a jikin ƙota a gyara shi. Wurin da ya yi fako a bar shi sai an kwana da ruwa, a fara da inda ke da taushi. Wanda ya shafe rani bai riƙe fartanya ba, ko ya dawo daga cin rani inda ya yi aikin zama, kada ya fara da wuni cur a ranar farko. Mai iko ya hayi garmar shanu don huɗa. Masu cewa iyayenmu sun yi noma har tsufa ba su yi kuka ba, su tuna cewa iyayen suna da gayya da gandu, hannu da yawa a gona ɗaya, kuma rani lokacin sararawar hannu ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a kudancin Kano, ga injin ban ruwa ya shiga kowace fadama, mutum yana gama masara ya faɗa tumatir da albasa. Alheri ne babba, amma hannun da ke yin aikin bai samu ƙarin lokacin gyara ba.

Akwai kuma motsa jiki da ke ƙarfafa agarar kanta, wanda ba ya bukatar ko sisi. Mai ciwon tudun waje ya zauna ya ɗora sangalin hannunsa a cinya, wuyan hannu ya leƙo gaban gwiwar ƙafa, bayan hannu na sama, ya riƙe ƙaramar gorar ruwa. Ya sa ɗaya hannun ya ɗaga mai ciwon sama, sannan ya saki, ya sauke gorar a hankali shi kaɗai yana ƙirga ɗaya zuwa biyar. Sau goma sha biyar, ya huta, ya maimaita har sau uku, kullum. Mai ciwon tudun ciki haka zai yi, sai dai tafin hannu ne zai kalli sama. Ɗan zafi kaɗan ba laifi, in ya yi tsanani a rage ruwan gorar. Ana ganin amfaninsa ne bayan makonni, sau da yawa sai wata uku, kuma nan ne mutane ke karaya su koma kemis. Ɗamara mai faɗin yatsa biyu da aka ɗaure a ƙasa da gwiwa kaɗan lokacin aiki tana rage wa wasu zogi, muddin ba a matse ta har hannu ya yi sanyi ba. Wajen ɗaukar bokiti ko tukunya, mai ciwon waje ya tallabo daga ƙasa, tafin hannu na sama. Matan da ke daka da matsar wanki su ma wannan ya shafe su, ko da yake su ne ba a cika jin kukansu ba, kuma kai hatsi inji na 'yan watanni ba ragwanci ba ne.

Ba kowane ciwon gwiwar hannu ne wannan ba. In gwiwa ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur, ko hannu ya ƙi miƙewa, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa, ko mai ciwon yana da sikila, to a tafi asibiti ba jinkiri. Haka in an yi wata shida ana kiyayewa babu sauƙi. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, dukkansu suna da sashen gashi da motsa gaɓɓai. Amma daga Doguwa zuwa Dala tafiya ce mai cin kuɗi da wuni, kuma mafi yawan masu wannan ciwo ba su bukatar yin ta. Kira na ga jami'an lafiya na ƙananan asibitocin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa shi ne, idan manomi ya zo yana nuna tudun gwiwar hannunsa, kafin a ɗauko sirinji a tambaye shi aikin da ya yi a makonnin baya, a nuna masa motsin gorar nan da hannu, a gaya masa cewa takwas ko tara cikin goma suna warkewa cikin shekara guda. Malaman gona na hukumar aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, kuma, ranar kasuwar Kwanar Dangora da sauran kasuwannin yankin, su zauna da maƙera a kan kaifin ruwa da kaurin ƙota kafin ruwan bana ya sauka.