Kafin Ka Ce Allah Ya Isa: Yadda Ake Karɓo Kuɗin da Banki Ya Cire ba Bisa Ƙa'ida ba

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

 Shirinmu na musamman na yau ya leƙa Dutsen Abba ne, a ƙaramar hukumar Zariya. Amma zancen da muka ɗauko ya shafi duk mai asusu a banki, ko da naira dubu ce kacal a ciki.

Bari mu soma da misali. A ce magidanci ne, manomi a Dutsen Abba. Kaka ta yi, ya sayar da masara, mai saye ya ce babu tsaba sai tiransifa. Kuɗi suka shiga, hankali ya kwanta. Bayan sallar isha'i yana kishingiɗe a tabarma a ƙofar gida, sai waya ta yi ƙara. Ya kanne ido ya duba: an cire naira 53 da kwabo 75. Da safe ya tura wa ɗansa da ke karatu a Kongo, nan Zariya, kuɗin abinci, aka sake zaftare naira 26 da kwabo 88. Ƙarshen wata ga wani alat, wai kuɗin saƙonni. Ya nuna wa maƙwabcinsa, shi kuwa ya ce, "Haba Malam, ai halinsu ke nan. Kai dai bar su da Allah." Malam ya lissafa kuɗin motar zuwa banki a PZ da dawowa, ya ga sun ninka abin da aka cire. Ya ce Allah ya isa, ya mayar da waya aljihu.

To masu sauraro, a nan gizo ke saƙar. Kuɗin kaɗan ne, hanyar banki da nisa, layi da tsawo, mu kuma ga mu da kawaici. Sai dai da yayyafi kogi kan cika. Naira 50 a asusu miliyan ɗaya, naira miliyan 50 ke nan.

(Kiɗa kaɗan)

Abu na farko, kada mu yi wa banki kuɗin goro. Akwai cajin da doka ta yarda da shi, akwai wanda ya wuce gona da iri. Ma'aunin kuwa shi ne jadawalin caji da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020. Ku kasa kunne.

A jadawalin na 2020, tiransifa daga wani banki zuwa wani: idan kuɗin ba su wuce naira 5,000 ba, cajin naira 10 ne. Daga nan zuwa 50,000, naira 25. Abin da ya haura 50,000, naira 50. A kan cajin ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa naira 25 ke komawa 26 da kwabo 88. Ashe wannan alat na Malam bai saɓa ƙa'ida ba.

Akwai kuma naira 50 da ake cirewa a kan tiransifar naira 10,000 zuwa sama. Wannan harajin gwamnati ne, banki ɗan aike ne kawai.

Kuɗin kula da katin ATM fa? Jadawalin ya ce a asusun ajiya naira 50 ne a kowane wata uku, wato naira 200 a shekara, ban da VAT. Mai asusun kasuwanci, wanda ake kira karent, ba a cajinsa wannan kuɗi ko kaɗan. Shi abin da ke kansa kuɗin kula da asusu ne, kuma iyakarsa naira 1 a kowace naira 1,000 da ya fitar. Idan ka fitar da miliyan ɗaya a wata, bai kamata a cire maka fiye da naira 1,000 da VAT ɗinta ba. Mai asusun ajiya kuwa, wannan caji bai hau kansa ba. Tsohon cajin nan da 'yan kasuwa suka sani da COT, tun 2016 aka soke shi.

Cire kuɗi a na'urar ATM ta bankinka kyauta ne. A na'urar wani banki da ke harabarsa, daga 1 ga Maris, 2025, naira 100 ne a kan kowace naira 20,000. Abin da mai POS na bakin titi ke karɓa kuwa ladan aikinsa ne, tsakaninka da shi, kada ka haɗa shi da lissafin banki. Kuma da yake CBN kan sabunta farashin nan lokaci zuwa lokaci, in ka shiga banki ka nemi a nuna maka jadawalin da ake aiki da shi.

Mu koma ga Malam. Idan alat ɗin nan na naira 53 da kwabo 75 sau ɗaya yake zuwa a wata uku, shi ke nan. Amma idan duk wata yake zuwa, to a shekara an ci masa naira 400 da ɗoriya ba gaira ba dalili. Wannan kam haƙƙinsa ne.

(Kiɗa kaɗan)

Wanda ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne a cire kuɗi, na'ura ta ƙi bayarwa. Ka sa kati, ka ji injin yana gurnani kamar zai ƙirgo, sai ya tofo maka katinka, alat kuma ya shigo. Tun watan Yunin 2020 CBN ya yanke wa'adi. In na'urar bankinka ce, nan take za a mayar, in an samu tangarɗa kada ya wuce awa 24. In ta wani banki ce, awa 48. In a POS ne ko ciniki ta intanet, awa 72. Don haka in an ce maka ka je ka yi ta jira sai baba ta gani, ka tuna wa ma'aikacin bankin wannan wa'adi, cikin ladabi.

Yanzu ta yaya ake karɓowa?

Da farko ka tara hujja. Kada ka goge alat. In ka yi mu'amala da mai POS, karɓi 'yar takardar nan da injin ke fitarwa, ko da ta nuna cinikin bai yi ba, ka ɗauki hotonta domin rubutunta na saurin gogewa. Sannan ka nemi takardar shige da ficen kuɗin asusunka. Ta imel kyauta ce duk wata, in kuma bugawa za a yi, jadawalin ya ce kada a wuce naira 20 a shafi. In karatun boko ya yi maka nisa, zaunar da ɗanka ko wani amintacce, ku bi ta layi-layi da biro, kuna zagaye duk cajin da ba ku gane ba.

Daga nan sai ka rubuta ƙorafi. Ba sai da dogon Turanci ba: sunanka, lambar asusu, ranar da aka cire, nawa aka cire, da abin da kake nema, wato a mayar maka. Yi kwafi biyu, ka kai teburin kula da kwastomomi, a buga hatimi a naka kwafin. In zuwa zai yi wuya, lambar wayar bankin da ke bayan katinka da imel ɗinsu duk hanya ce.

Ga kuma ƙashin bayan zancen: kada ka tashi daga teburin nan sai an ba ka lambar ƙorafi. CBN ya wajabta wa kowane banki ya shigar da duk ƙorafi cikin rajista, ya ba mai ƙorafin lamba. Bankin da ya ƙi, tarar naira miliyan 1 ce a kansa. Karya ƙa'idar caji kuma, naira miliyan 2 a kowane laifi. "Ka dawo gobe" magana ce, iska ke tafiya da ita. Lamba kuwa tana nan a kwamfuta, kuma akwai mai tambayar ina aka kwana.

Sai ka ba su lokaci: mako biyu, batun caji ko bashi kuma yakan kai kwana 30. In shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, sai ka ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, wanda aka kafa a 2012. Kana iya aika imel, kana iya kai takarda reshen CBN da ke Kaduna, haɗe da lambar nan da kwafin hujjojinka. Ba a biyan ko kwabo, ba a buƙatar lauya. Ta wannan hanya an mayar wa 'yan Najeriya biliyoyin naira. In ta tabbata an zalunce ka, ƙa'ida ta ce a mayar maka da kuɗinka.

Wani zai ce, to kuɗin motar fa? Tun 2015 CBN ya sa wa'adin shekara 6 daga ranar da aka yi cirar. Ashe ba sai ka yi sammako saboda naira 50 ba. Tara su, ranar da wata buƙata ta kai ka cikin gari, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe. In wani ya kira ka ya ce daga banki yake, za a mayar maka da kuɗi, ka karanto masa lambar sirrin katinka, ko lambobin jikin katin, ko lambar da aka turo maka yanzu-yanzu, kashe wayarka. Ɗan damfara ne. Banki ya san asusunka, ba ya buƙatar sirrinka kafin ya zuba maka kuɗi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Jama'a, haƙuri halin kirki ne, yafiya ma haka. Amma mutum yakan yafe abin da ya san yawansa ne. Masarar nan da taki aka noma ta, da gumi aka sassabe gonar. Malam na Dutsen Abba ya fara sanin nawa aka ɗiba, ya karɓi lambarsa, in ya so bayan nan ya ga dama ya yi sadaka da su.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai Allah ya kai mu wani makon. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufewa)