Hali na mutum ne, ba na jinsi ba: wa za mu ba makullin akwati?

Ƴan uwa mata, sau nawa muka ji ana cewa mace ta fi haƙuri da tausayi, namiji kuma ya fi ƙarfin zuciya? Yanzu da ƙungiyoyinmu na Icirnawa ke shirin zaɓen sababbin shugabanni, ya kamata mu duba maganar da kyau.

Masana sun bincika. A shekarar 2001 Costa da McCrae da Terracciano sun gwada halayen maza da mata a al'ummomi 26. Sun gano cewa, a jimlace, mata sun ɗan fi sauƙin kai da sa damuwa a rai, maza kuma sun ɗan fi son a ji muryarsu. Amma bambancin bai taka kara ya karya ba: tazarar da ke tsakanin wata mace da wata ta fi wadda ke tsakanin maza da mata. A 2005 Janet Hyde, wata malamar jami'a a Amurka, ta tattara bincike masu yawa, ta nuna cewa a mafi yawan halaye mun fi kama da juna.

Mu ma shaida ce. Tsarin Mata Masu Dubara ya fara ne a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, yau har ƙasashen duniya na koyi da shi. Mata ne suka riƙe lissafi, suka ci tara, suka karɓo bashi. A 1899 kuma Sarauniya Mangu ta Lugu ce ta tunkari sojojin Faransa. To ina batun raunin zuciya?

Sai dai a kula, zama mace kaɗai ba ya sa mutum riƙon amana. Hali zanen dutse ne, kowace da nata.

Saboda haka ranar zaɓe kada a ce "ai matar wane ce". A tambaya: tana kawo zubinta a kan lokaci? Za ta iya ce wa ƙawarta "biya bashinki" ba tare da faɗa ba? Mai natsuwa a ba ta ƙirgar kuɗi, mai baki a ba ta jagorancin taro, mai riƙe sirri ta ajiye akwati.

Kuɗin nan guminmu ne. Allah Ya ba mu sa'ar zaɓe.