Daga Yawan Sinadari zuwa Sarrafa Shi: Binciken Ƙwayar Gadon Girma a Jikin Alade

A shekarar 1982 Richard Palmiter da Ralph Brinster suka dasa wa ɓeraye ƙwayar gadon sinadarin girma, wato umarnin da jiki ke bi wajen ƙera sinadarin da ke haɓaka ƙashi da tsoka, sai wasu ɓerayen suka kusa ninka 'yan'uwansu girma. Wannan ne ya kwaɗaitar da masana kiwo, kuma a 1985 aka samar da aladun farko masu dasasshiyar ƙwayar gado, aikin da cibiyar Ma'aikatar Noma ta Amurka da ke Beltsville ta yi fice a kansa.

Aladun ba su zama ƙatti ba. Kitsensu ya ragu ƙwarai, abinci kuma ya fi kama jikinsu, amma da yawansu sun yi fama da amosanin gaɓɓai, gyambon ciki, kumburin zuciya, ciwon ƙoda da rashin haihuwa. Tushen matsalar yana ga makunni, wato guntun gadon da ke ƙayyade lokaci da wurin da ƙwayar gado za ta yi aiki. A bisa halitta, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne ke sakin sinadarin jefi-jefi, alhali makunnin da aka aro, wanda aka yi zaton tutiyar da ke cikin abinci za ta riƙa kunna shi, bai taɓa mutuwa gaba ɗaya ba, don haka jini ya kasance cike da sinadarin dare da rana. Ga shi kuma allurar da ake yi wa ƙwan halittar alade don dasa ƙwayar gadon ba ta zaɓen inda ƙwayar za ta sauka.

Saboda haka bincike ya karkata ga sarrafawa. Tsarin da Gossen da Bujard suka bayyana a 1992 ya ba da damar kunna ƙwayar gado ko kashe ta da maganin tetirasaikilin, kuma tun da aka kwafi alade daga ƙwayar jiki a 2000, ana iya gwada makunni a ƙwayoyin da aka rena a ɗakin gwaji kafin a samar da dabba. Sai dai dabarar tetirasaikilin na da nata cikas, domin ciyar da garke irin wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta don ƙiba abu ne da Tarayyar Turai ta haramta tun 2006. Da wuya a ce katsahan ne cewa a cikin aladun da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su, GalSafe a 2020 da mai jure cutar PRRS a 2025, babu wanda aka taɓa ƙwayar girmansa.