Aljona Savchenko da Abokan Wasanta

A ƙasashen Turai, idan hunturu ya tsananta, ruwan tafki ya kan daskare ya zama ƙanƙara mai ƙarfi, har mutum ya iya tafiya a kai. Mutanen can su kan sa wani irin takalmi mai siririn ƙarfe a ƙarƙashinsa, su yi ta zamiya a kan ƙanƙarar. Yanzu kuwa har cikin manyan ɗakuna a ke daskarar da ruwa da na'ura don a yi gasa.

Akwai gasar da a ke yi bibbiyu, watau namiji da mace. Ana sa kiɗa, su biyun suna zamiya tare. Namijin ya kan ɗaga macen bisa kansa, ya kan kuma jefa ta, ta juya sau uku a sama, ta sauka da ƙafa ɗaya. Alƙalai suna kallo suna ba da maki. In ɗaya ya yi kuskure, su biyun a ke rage wa maki. Saboda haka tilas kowa ya amince da abokinsa.

Aljona Savchenko tana cikin gwanayen wannan wasa. An haife ta a ƙasar Yukren a 1984. Ita da abokin wasanta Stanislav Morozov suka zo na ɗaya a gasar duniya ta matasa a 2000. Amma da suka je Olamfik, babbar gasar da a ke yi shekara huɗu huɗu, sai suka zo na 15 a 2002. Daga nan suka rabu.

A 2003 ta koma birnin Chemnitz na ƙasar Jamus, ta haɗu da Robin Szolkowy. Suka yi shekara 11 suna wasa tare, suka ci gasar duniya har sau biyar. Duk da haka lambar zinariya ta Olamfik ta gagare su. A 2006 suka zo na shida, a 2010 da 2014 kuwa suka sami tagulla, watau na uku. Sa'an nan Robin ya bar gasa.

Aljona ba ta karai ba. Ta nemi wani Bafaranshe mai suna Bruno Massot, suka soma daga farko. Dokar Olamfik ta ce sai su biyun sun zama 'yan ƙasa ɗaya. Don haka Bruno ya koyi Jamusanci, ya ci jarrabawa, ya zama ɗan Jamus a 2017.

A 2018 aka yi Olamfik a Koriya ta Kudu. Ran farko Bruno ya yi tsalle, maimakon ya juya sau uku sai ya juya sau biyu, suka faɗo na huɗu. Aljona ba ta juya masa baya ba. Kashegari suka fito suka yi wasa ba kuskure, suka sami maki 159.31, wanda ba a taɓa samun irinsa ba kafin ran nan. Da aka haɗa lissafi, sai suka ɗara 'yan ƙasar Sin da abin da bai kai rabin maki ba. Aljona ta sami zinariyarta tana da shekara 34, a zuwanta Olamfik na biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Don me a ke son 'yan wasan bibbiyu su amince da juna?
2. Sau nawa Aljona da Robin suka ci gasar duniya?
3. Me Bruno ya yi kafin a yarda ya shiga Olamfik?