Sa wa Hotonka Shaida Kafin Ya Shiga Duniya

A zamanin nan da wuya a yi biki ko suna ba a ɗauki hotuna an watsa a Facebook da WhatsApp ba. Amma hoto in ya bar hannunka, ba ka da iko da inda zai kwana. Mai ɗaukar hoto zai sha rana a wurin biki, gobe ya tarar wani yana neman ciniki da aikinsa. Mafi muni, 'yan damfara sukan ɗauki hoton yaro marar lafiya su yi ta roƙon kuɗi da shi, iyayensa ba su sani ba.

Dabarar sa shaida ba sabuwa ba ce. Ɗaga takardar naira 500 a hasken rana, za ka ga wani zane a ɓoye cikinta. Masu yin takarda a garin Fabriano na Italiya ne suka soma wannan wajen shekara ta 1282. Haka ake yi wa hotuna yanzu.

Shaida ta fili ita ce sunanka a rubuce dishi-dishi a kan hoton. Yawancinmu mukan maƙala shi a kusurwa don kada hoton ya ɓaci, ɓarawo kuwa abin da yake so ke nan, gama yanke gefen kawai zai yi. Gara sunan ya ratsa tsakiya. A 2017 masu bincike na Google sun nuna cewa kwamfuta tana iya share shaidar da aka maimaita iri ɗaya a hotuna da yawa, saboda haka a riƙa ɗan sauya fasalinta.

Ta ɓoye kuwa, ana ɗan taɓa launin ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto. Ido ba ya gani, sai na'ura. Irinta ce SynthID, wadda Google ya fitar a 2023 domin gane hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira. Amfaninta sai bayan an yi satar, sa'ad da ake gardamar mai hoto.

Mu da muke koyarwa, abin da ya fi damunmu shi ne hotunan yara. Shaida ba ta rufe fuskar yaro, ba ta ɓoye bajen makaranta da ke ƙirjin rigarsa. In lalle sai an aika, a sa sunan uba ko uwa, ban da na yaron, a aika wa dangi kaɗai. Hoton asali kuma a ajiye shi a gida, domin shi ne hujja ranar da aka yi musu.