Tattalin Wutar Lantarki a Ma'aikatun Tarauni: Tsakanin Umarni da Ɗabi'a

Duk wanda ya bi Titin Zariya daga Gyadi-Gyadi ya nufi Darmanawa, ya ratsa ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abin da ke kewaye da shi na kantunan magani da ɗakunan gwajin jini da makarantun kuɗi da ofisoshi, ba zai kasa lura da farantan sola da suka yawaita bisa rufin gine-gine ba. Sababin wannan kuwa a fili yake, domin tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'an nan a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, fiye da ninki uku na da, sai tattali ya zama wajibi ga wanda a da yake ɗaukarsa mustahabbi.

Sai dai sayen na'ura abu ne mai sauƙi in an gwada shi da sauya ɗabi'a. Akawun da ya shekara yana barin fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna aiki a ofishin da babu kowa idan ya tafi sallar Azahar, haka zai bar su ko da batir ke ɗauke da ginin, saboda kuɗin ba daga aljihunsa yake fita ba, kuma bai taɓa ganin takardar kuɗin wutar da idonsa ba. Ya san hukuncin israfi sarai, ya ji malamai suna hana ɓarnar ruwan alwala ko a bakin kogi ne. Abin da ya gaza shi ne isar da wannan ilmi zuwa ga makunnin da ke bayan ƙofa.

Maganin da muka gada shi ne umarni da horo. Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984 ya sa mutane bin layi da share-share matuƙar bulala na kusa, kuma tsaftar muhalli ta ƙarshen wata da muke yi har yau tana nuna haddin wannan hanya, tunda kwata kan sake cika da ledar ruwa kafin mako ya zagayo. Masana ɗabi'ar ɗan Adam, irin su Richard Thaler da Cass Sunstein da suka fitar da littafinsu a 2008, sun bi ta wata fuskar, suka ce mutum yakan bi abin da ya tarar an shimfiɗa masa da abin da ya ga tsaransa na yi fiye da abin da aka yi masa nasiha a kai. A wata jami'a ta ƙasar Siwidin an roƙi ma'aikata su rage ɓarnar takarda, roƙon bai yi tasiri ba. Amma da aka saita na'urorin buga takarda su riƙa bugawa gaba da baya da kansu, sai amfani da takarda ya ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Ashe in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Fa'idar wannan ga ma'aikatunmu babba ce, kuma ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Idan aka liƙa abin da mita ta ci kowane mako a inda ake sa hannun zuwa aiki, aka gwada sashe da sashe, aka ɗora amanar kashe kaya a kan mutum guda sananne maimakon jama'a baki ɗaya, aka kuma mayar wa ma'aikata wani kaso na rarar da aka samu, ko da ta hanyar gyara musu famfo da makewayi ne, to, kunya da gasa da maslahar kai za su yi aikin da takardar umarni ta kasa yi.

Amma akwai hatsari guda biyu da ya kamata a auna. Na farko, tattali yana da haddi: ɗakin tiyata da firjin allurar rigakafi ba wuraren rage wuta ba ne, kuma dabarar ɗabi'a ba za ta gyara ruɓaɓɓiyar waya ba. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne nauyin ya faɗa kan masinja da maigadi da ƙananan ma'aikata, a hana su fanka cikin zafin bazara alhali ofishin shugaba na ɗauke da sanyi tun safe har Magariba. Wannan zalunci ne, kuma yana kashe niyyar kowa.

Saboda haka gyaran ma'aikata daga shugabanta yake farawa. Wanda aka ba amanar dukiyar jama'a ko ta kamfani, ya fara bayyana lissafin ofishinsa ga na ƙasa da shi, ya shawarce su kafin ya zartar da sabon tsari, ya kuma yi adalci wajen rabon wahala da sauƙi. In ya yi haka, yana da hujjar neman su bi shi.